Wanda Takardar Gayyata Ba Ta Zuwar Masa

Ummi 'yata,

Ina fata kina lafiya, ke da maigidan naki da yara. Mu ma nan Zariya lafiya lau, sai godiyar Allah. Ƙafar Babanki ta yi sauƙi, har ya koma zuwa masallaci da kansa.

Na saurari saƙon muryar da kika turo, na kuma sake saurarensa. Ban kira ki ba saboda na san halinmu a waya: muna farawa yara za su shigo, sai hira ta koma kan makaranta da tsadar kaya. Wannan magana kuwa tana son zama, shi ya sa na ɗauki biro.

Ga yadda na fahimci abin. Kin ga sunan namiji a jerin masu zuwa gwajin bakin mahaifa, kika ɗauka masu rajista ne suka yi kuskure. Kika leƙa ɗakin jira, kika ga mutum da gemunsa. Kika tambayi yarinyar da ke kan tebur, ba tare da kin rage murya ba, ko lokacin matarsa ne aka rubuta da sunansa. Kafin ki koma ki buɗe fayil, ya tashi ya fita. Kin ce tun ranar ba ki samu sukuni ba, kuma kin yi min tambaya biyu: shin dama masu sauya jinsi suna bukatar wannan gwaji, sannan ke Musulma, ina matsayinki a ciki?

Ta farkon ba ta da wuya. Duk mai bakin mahaifa zai iya kamuwa da sankarar bakin mahaifa. Wanda aka haifa mace, ya girma ya koma rayuwa a matsayin namiji, in yana karɓar testosteron muryarsa za ta yi kauri, gemu ya fito, al'ada ta ɗauke. Amma in ba tiyata aka yi aka cire mahaifa da bakinta ba, suna nan inda suke. Da yawa ba su yi wannan tiyata ba, wasu kuma an cire mahaifar an bar bakin. Kin san kusan duk sankarar wurin ƙwayar HPV ce ke kawo ta, nau'i na 16 da na 18 kaɗai suna da alhakin kusan kashi 70 cikin 100. Tana yaɗuwa ta haɗuwar fata da fata, ba lallai sai irin saduwar da mutane suka fi sani ba. Don haka kada ki yi lissafi a ranki cewa wannan ai ba ya hulɗa da maza, ba ruwansa da gwaji. Testosteron ba ya kashe HPV.

Abin da nake so ya zauna miki shi ne yadda mutumin nan ya iso ƙofarki.

Tun 1988 tsarin gwajin a Ingila, inda kike aiki, ya dogara ne a kan kira. Kwamfuta ce ke duba rajistar likitan unguwa, duk wadda aka rubuta mace, daga shekara 25 zuwa 64, sai a aika mata takarda. In ba ta zo ba a tuna mata. Na yi aiki a cikin wannan tsari har na yi ritaya, kuma na ga ƙarfin kira da idona. A 2009, da wata sananniyar mace mai suna Jade Goody ta mutu da wannan ciwo tana da shekara 27, matan da muka yi shekaru muna aika wa takarda suna watsarwa suka cika mana layi, har sai da muka ƙara lokutan aiki. Ɗan Adam ba ya son zuwa a buɗe masa jiki alhali ba ya jin ciwon komai. Sai an kira shi, an sake kira, ko tsoro ya kira shi.

To wanda ya canza rajistarsa ta koma namiji, kwamfuta ba ta ganinsa. Takarda ba ta zuwar masa, ba mai tuna masa. Sikotland ta gyara nata tun 2015, waɗanda suka canza rajista daga lokacin ana ci gaba da gayyatarsu. A Ingila sai kwanan nan aka buɗe hanyar da mutum zai nemi a saka shi cikin jerin waɗanda ake kira, kuma sai ya san da hanyar, ya buɗe baki ya nema. Mutumin da kika gani, mai yiwuwa ba wanda ya gayyace shi. Shi ya tuna, shi ya ɗaga waya ya yi wa wata baƙuwar murya bayanin abin da ya fi ƙin faɗa game da jikinsa, ya zo ya zauna a tsakiyar mata suna satar kallonsa. Ya riga ya yi mafi wuyar aikin kafin ki gan shi. Ban faɗi haka don in ƙara miki nauyi a zuciya ba, 'yata. Na faɗa ne don ki san cewa mutumin da ya iya kawo kansa sau ɗaya zai iya dawowa, in aka neme shi yadda ya kamata.

Kin tuna Goggonki Ladi, Allah ya jiƙanta. Kina ƙarama lokacin, abin da kika sani shi ne ta yi jinya. Ta fi shekara tana ganin jini bayan al'ada ta ɗauke mata, tana wanke tsummanta da dare kada kishiya ta gani. Da warin ya fara, sai ta riƙa turara ɗakinta safe da yamma, ta daina zama cikin mata a gidan biki. Ni 'yar'uwarta ma'aikaciyar jinya ce, amma ba ta faɗa min ba sai da tafiya ta gagare ta. Da na tambaye ta dalili, cewa ta yi yaya za ta kwanta yaro sa'an ɗanta ya duba ta. A ƙiyasin 2020, mata wajen 12,000 ne ke kamuwa da wannan ciwo a Najeriya duk shekara, wajen 8,000 suna mutuwa. Rashin kuɗi da nisan asibiti suna da nasu kason, amma kunya ma tana da nata, kuma ba ƙarami ba ne. Ranar da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV a nan, a watan Oktoban 2023, ita na tuna. Abin da ya hana Goggonki zuwa asibiti, ɗan'uwansa ne ya fitar da mutumin nan daga ɗakin jiranki: tsoron idon mutane a kan abin da ke ƙarƙashin tufafi.

Akwai kuma wani tsoro da su suke da shi wanda Goggonki ba ta da shi, wato a je a ƙi karɓarsu. Ki nemi labarin Robert Eads, mutumin jihar Jojiya a Amurka. An haife shi mace, ya haifi 'ya'ya, daga baya ya koma rayuwa a matsayin namiji. A 1996 aka gano yana da sankarar ma'ajiyar ƙwai. Likitoci fiye da goma suka ƙi duba shi, wasu don gudun abin da sauran majinyatansu za su ce in sun gan shi a ɗakin jira. Kafin a samu masu karɓarsa ciwon ya yi nisa, ya mutu a 1999 yana da shekara 53. An yi fim a kan shekararsa ta ƙarshe, Southern Comfort, ya fito a 2001. Irin wannan labari yana yawo a tsakaninsu, kowa ya san wani da aka yi wa makamancinsa. Da shi suke shigowa ɗakinki.

Yanzu aikin kansa, don in ya dawo kada hannunki ya yi rawa.

Testosteron yana busar da wurin, fatar ta yi siriri kamar ta macen da ta daɗe da daina al'ada. Gwajin da wata za ta ji ɗan matsi kawai, shi zai iya jin zafi sosai, har da ɗan jini. Ƙwayoyin da ake gogowa ma ba sa samuwa da yawa. Wani bincike da aka yi a cibiyar Fenway da ke Boston, aka wallafa a 2014, ya nuna kashi 10.8 cikin 100 na samfurin irin waɗannan maza bai isa a karanta ba, alhali na mata kashi 1.3 ne. Ki duba abin da wannan yake nufi: mutum ya daure ya sha wuya, sannan a ce masa ya dawo a sake. An samu sauƙi tun ƙarshen 2019 da Ingila ta koma fara neman HPV a cikin samfurin. In babu ita, ba a ma duba ƙwayoyin, kuma daga Yulin 2025 sai bayan shekara 5 za a sake kiran mutum. Ki faɗa masa wannan, domin sanin cewa abu ne na shekara biyar yana sa a daure.

Ki ba shi lokaci na mutum biyu, kuma na farkon safiya, kafin ɗakin jira ya cika. Kada ki ce ya cire komai sai kun zauna kun yi magana, yana cikin kayansa, ke ma a zaune, ba a tsaye a kansa ba. Ki tambaye shi sunan da yake so ki kira shi da shi, da kalmomin da yake so ki yi amfani da su game da jikinsa, ki riƙe su. Ki nuna masa bakin-agwagwar, wato na'urar buɗe wurin, a hannu, mafi ƙanƙanta, ya taɓa ya ga yadda take buɗewa. Ki shafa man santsi mai ruwa a gefunanta, ban da kan. Wasu sun fi so su saka da kansu, ki bar su. Wasu kwanciya a gefen hagu ta fi musu sauƙi da a rigingine. Ku yi alkawari tun farko cewa da ya ce tsaya, kin tsaya, ko da saura ƙiris ki gama. In bushewar ta yi yawa, kada ki tilasta. Likita zai iya rubuta masa man istrojin na shafawa a wurin na ɗan lokaci kafin a sake gwadawa. Zai iya jin tsoron kalmar istrojin, sai ki bayyana masa cewa aikin man a wurin yake tsayawa, ba zai warware abin da testosteron ya yi ba.

Fom ɗin ɗakin gwaji kuma ki cika shi da hankali. Ki rubuta a fili cewa samfurin na mai bakin mahaifa ne kuma yana kan testosteron. In ba haka ba, wani zai ga namiji a takarda ya ɗauka an yi kuskure ya ajiye samfurin, ko mai karantawa ya ga busassun ƙwayoyi ya ɗauke su wani abu dabam. Sannan ki tabbatar wa sakamakon zai je, kuma wa zai tuna da gwaji na gaba. A zamanina littafi nake da shi a aljihun tebur mai makulli, ina rubuta irin waɗannan da watan da ya kamata su dawo, domin na san in ban tuna ba babu mai tunawa. Ke kin samu abin da ya fi littafina: ki taimaka masa ya shiga jerin kira.

In duk da haka ya ce ba zai iya ba, kada ki sallame shi hannu rabbana. Akwai gwajin da mutum yake ɗaukar samfurin da kansa da ɗan tsinke mai auduga. Ostareliya ta buɗe shi ga kowa tun 2022, Ingila ma ta sanar a 2025 cewa za ta riƙa aika shi gida ga waɗanda suka daɗe ba su zo ba. Ki bincika ko ya iso yankinku. Sai dai ki gaya masa gaskiya: in aka ga HPV a ciki, dole dai a zo a duba.

Tunda kin shiga wannan aiki, ba shi kaɗai za ki gani ba, bari in taɓa sauran. Hoton mama, wanda ake kira duk shekara 3 daga shekara 50 har zuwa 71, shi ma rajista yake bi. Wanda aka haifa mace kuma ba a cire masa mama ba yana bukatarsa, amma takarda ba za ta je masa ba in rajistarsa ta namiji ce. Wanda aka yi wa tiyatar ƙirji, ba irin ta masu sankara ba ce, akan bar ɗan nama. Na'urar hoto ba za ta kama shi ba, amma in ya ji ƙullutu ko ya ga canji a ƙirji ko hamata, ya zo. Ki tambaye shi ko akwai ciwon a danginsu. Wadda aka haifa namiji kuma ta shekara da shekaru tana shan istrojin, mama ya fito mata, kuma mama ne na gaske da zai iya yin ciwo. Likitocin Amsterdam sun bi bayanan mutum 2,260 irinta, suka wallafa a 2019: 15 sun kamu da sankarar mama mai yaɗuwa. Wannan ya ninka na maza sau 46, amma bai kai na mata ba. Ita ba ta da bakin mahaifa ko da an yi mata tiyata, don haka in takardar gwajinmu ta je mata, sai a cire ta daga jerin cikin mutunci.

Abin da aka fi mantawa shi ne furostet. Tiyatar sauya jinsi ba ta cire shi. Haɗarin ya ragu, amma bai tafi ba, kuma istrojin yana saukar da PSA, wato gwajin jinin furostet, ƙasa ƙwarai, har lambar da za a ce lafiya lau ce ga namiji ta zama abin dubawa a wurinta. Mace 'yar shekara sittin ta zo tana kukan fitsari yana mata gardama, in ba a san tarihinta ba, ba wanda zai kawo furostet a ransa. Tambayar da za ta tsare ki a kowane hali ita ce: wace gaɓa ce mutumin nan yake da ita a yau, kuma wane magani yake sha?

Saura tambayarki ta biyu, wadda na san ita ce ta hana ki barci.

Ummi, ni ba malama ba ce, kuma ba zan ba ki fatawa a kan sauya jinsi ba. Kin san abin da aka karantar da mu, kin san abin da malamanmu suke faɗa, ban kuma ce ki ajiye shi a bakin ƙofar asibiti ba. Amma ki duba abin da aka zo nema a wurinki. Ba ke kika rubuta masa testosteron ba, ba kuma sa hannunki ya zo nema a kan rayuwarsa ba. Ya zo ne a duba ko akwai ciwon da zai kashe shi. Mun yi jinyar mashaya da hantarsu ta lalace, mun ɗinke ɓarayin da aka sara, mun karɓi haihuwar da ba a san uban ɗan ba, ba mu taɓa cewa sai mun gamsu da tarihin mutum za mu sa safar hannu ba. Duba al'aura don magani kuwa malamai sun daɗe da halatta shi. Da na ba Babanki labarin, ba tare da na faɗi inda abin ya faru ba, sai ya tuna min cewa Muhtasar na Halilu, wanda ake karantawa a zaurukan garin nan, da hukuncin gadon mata-maza ya rufe. Mata-maza dabam, masu sauya jinsi dabam, kada ki haɗa su: na farko halittar jiki ce tun haihuwa. Abin da Babanki yake nufi shi ne malaman zamanin baya ba su kawar da kai daga jikin da ya ba su wuyar fahimta ba. Sun zauna sun duba haƙƙinsa.

Akwai wani mutum da ban taɓa ba ki labarinsa ba. Ina sabuwar ma'aikaciya a wani asibiti a nan Arewa, aka kawo wani dattijon ɗan daudu mai sayar da abinci a bakin tasha. Fitsari ya ƙi fita, mararsa ta kumbura ta yi tauri. Da lalle a hannunsa, da ɗan zane a kafaɗa. Aka kwantar da shi a ɗakin maza, masu jinya suna leƙe suna ƙus-ƙus, wasu ma'aikata suna kwaikwayon maganarsa a bayan labule. Babbar sistarmu, wata Kirista mai tsananin tsare gida, ta zo ta ja labulen da ƙarfi, ta kira shi Baba, ta sa masa robar fitsari da hannunta, ta tsaya har jakar ta fara cika ya sauke numfashi. Daga baya aka gano sankarar furostet ce, ta riga ta shiga ƙashi. Ya ce ya fi shekara biyu yana fama, amma ya san abin da zai tarar in ya zo. 'Yan daudu ba su ne masu sauya jinsin Turai ba, al'amarinsu dabam ne. Amma dariyar nan ta bayan labule iri ɗaya ce a ko'ina, kuma na ga abin da ta jawo wa wannan bawan Allah. Waɗanda suka yi ta ba su ɗauka sun yi wani laifi ba, sun tashi aiki sun tafi sallah. Ni dai ina tsoron a tambaye ni a kan majinyacin da ya gudu saboda fuskata, fiye da yadda nake tsoron a tambaye ni don na duba shi.

Ke ba dariya kika yi ba, rashin sani ne, kuma yana gyaruwa. Ki samu likitan da ke kula da shi ko shugabar ma'aikatan jinya, ki faɗi abin da ya faru yadda ya faru. A tuntuɓe shi ta hanyar da ya amince a riƙa tuntuɓarsa. In ke za ki yi magana, ki gajarta: kin yi kuskure, kina ba shi haƙuri, ga lokaci an ware masa, in kuma ya fi son wata ma'aikaciyar za a haɗa shi da ita. Kada ki yi ta bayanin yadda abin ya dame ki har ya koma shi ke lallashinki. In ya zaɓi wata, kada ki ji haushi, gwajin ne muke so a yi. Ki kuma kama bakinki a kan sirrinsa, har a wurin abokan aiki da ba ruwansu. A can akwai dokar 2004 da ta sa fallasa irin wannan bayani zai iya zama laifi, mu kuma tun kafin doka mun san amana. Ko ni, abin da kika faɗa min ya isa, kada ki ƙara da suna ko kamanni. Yarinyar kan tebur ma ku zauna da ita, domin ita ce fuskar farko da mutum yake gani, kuma tambaya irin wadda kika yi mata gara a yi ta a rubuce ko a cikin ofis.

Ki sanar da ni yadda kuka yi da shugabar taku. Hajiya Babba tana cigiyarki, ta ce yaushe za ki kawo mata takwararta ta gani. Akwai kuka da daddawa da na ɗaure miki, ina jiran mai tafiya. Ki gaida maigidan da kyau, ki shafa min kan yaran. Allah ya yi miki albarka, ya sa albarka a hannunki.

Mamanki